Tsoho a Gidan da Ba Nasa Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Iyayen da Rikici Ya Raba da Garinsu

Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, sama da mutum miliyan biyu ne suka bar gidajensu a arewa maso gabashin Najeriya. Daga baya 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, wasu har suka tsallaka jihar Maraɗi. Cikin waɗannan mutane akwai tsofaffin da ba su taɓa yin wata guda a wajen garinsu ba sai da furfura ta cika musu kai. Da yawansu ma ba a sansani suke ba, suna ɗakin ɗa ko 'ya ko ɗan ƙane a cikin birni. Tambayoyin da ke ƙasa na masu riƙe da irin waɗannan iyaye ne.

Muna ba Baba abinci, mun ɗinka masa sutura, mun ware masa ɗaki. Me ya sa yake ta ramewa, kuma ya daina magana?

Ku zauna ku lissafa abin da ya baro, ban da gida da rumbu. A garinsu da asuba akwai gurbinsa a sahun farko, kowa ya san wurin, ba mai tsayawa a ciki. In ya fito masallaci sai ya leƙa gona ko turken dabbobi. Da la'asar akwai majalisa a gindin darbejiya, tare da mutanen da aka yi musu kaciya rana ɗaya. In an sami saɓani kan iyakar gona shi ake kira, domin yana nan aka dasa kukar da ta raba gonakin. In za a ba da aure shi ne waliyyi, in an yi haihuwa shi ake tambaya sunan da za a raɗa.

A nan kuwa baƙo ne. Liman bai san shi ba, masu unguwa ba su san ɗan wane ne ba, ku kuma kuna fita da safe sai dare. In ya ɗauki tsintsiya a karɓe, in ya ce zai raka yara makaranta a ce mota za ta kaɗe shi. Maganar dai ɗaya ce: "Baba ka huta, ai ka yi naka." Da zuciya ɗaya muke faɗar ta, amma ga mutumin da ya shekara sittin yana tashi da abin yi, hutun da ba shi da ranar ƙarewa ɗaurin talala ne. Cikinsa ya ƙoshi, sai dai ba wanda zai rasa komai in bai tashi daga kan tabarma ba, kuma ya san da haka.

Wannan zance na "ma'anar rayuwa" ba na 'yan boko ba ne?

Sunan ne na 'yan boko. Abin kuwa kun sha jin sa daga bakin tsofaffinku: "Ni yanzu mene ne amfanina?" ko "Na zame muku kaya," ko "Ranata kawai nake jira."

Wanda ya fi shahara da wannan batu shi ne Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wanda ya tsira daga sansanonin da 'yan Nazi suka tsare Yahudawa, har da na Auschwitz, yaƙin kuma ya cinye iyayensa da matarsa. Abin da ya ce ya lura da shi a tsare shi ne, wanda yake da wani abu da ke jiransa a waje, ɗa ne ko aikin da bai ƙarasa ba, ya fi iya jure azabar. Masu bincike na bayansa sukan kasa abin gida uku: mutum ya ga rayuwarsa tana da kai da gindi, ya zama yana da abin da ya sa a gaba, kuma ya ji cewa zamansa a duniya yana da nauyi a wurin wasu.

Na farkon, imani yakan riƙe wa tsofaffinmu shi. Musulminsu da Kiristansu, za ka ji suna cewa haka Allah ya ƙaddara, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne. Na biyu da na uku ne gudun hijira yake kwashewa, kuma su ne suke hannun iyali.

To ba an ce tsofaffi sun fi yara haƙuri ba?

Akwai gaskiya a ciki. A watan Afrilun 2020, lokacin da korona ta fi tsananta, Laura Carstensen ta jami'ar Stanford da abokan aikinta sun tambayi Amurkawa kusan dubu ɗaya, daga ɗan shekara 18 zuwa mai 76, yadda suke ji a ransu. Sai ga shi manyan sun fi matasan natsuwa, duk da cewa su cutar ta fi kashewa. Bayaninta shi ne, mutum in ya ga sauran lokacinsa ya taƙaita yakan daina watsa hankalinsa, ya mai da shi kan mutane kaɗan da abubuwa kaɗan da suka fi masa daraja.

Amma waɗancan tsofaffin suna cikin gidajensu ne, da wayoyinsu da mutanensu. Wato abubuwa kaɗan ɗin nan suna nan. Tsohon da aka ƙone garinsu, abubuwa kaɗan ɗin ne aka ƙone. Mutanen Kano sun ɗanɗana ɗan kwatankwacin haka a azumin 2020 da aka rufe gari: dattijo yana jin labarin rasuwar abokansa ɗaya bayan ɗaya, ba jana'iza, ba zaman makoki, ba tafsiri, ba tarawihi a masallaci. Wancan na 'yan makonni ne. Na ɗan gudun hijira shekaru ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan yaƙi yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Rahoton da Amnesty International ta fitar a Disambar 2020 kan tsofaffin arewa maso gabas ya nuna wani abin kuma: da yawa ba su gudu tare da jama'a ba domin ƙafa ba ta kai, sun zauna a ƙauyukan da mayaƙa suka mamaye, suka sha wuya daga ɓangarorin biyu, mayaƙan da sojoji, waɗanda suka iso sansani kuma sau da yawa ba a sa su a rajistar abinci ba. Saboda haka in kun ga tsoho ya yi shiru, kada ku yi saurin cewa haƙuri ne. Wani shirun haƙuri ne, wani kuma mutum ne ya gama cire rai.

Wane aiki za mu ba mai shekara saba'in da biyar da ciwon gwiwa?

Aikin gaske, wanda in bai yi ba za a ga giɓi. Tsoho ba yaro ba ne, yana gane aikin da aka ƙirƙiro don a lallashe shi, kuma yakan ji ciwon haka fiye da zaman banzan.

Ku fara da abin da hannunsa ya sani. Wanda ya rayu da dabbobi, tunkiya ɗaya da aka ɗaure a bayan ɗaki aka ce tasa ce, shi zai yi kiwonta zuwa layya, ta fi masa rediyo da fanka. Ta ba shi dalilin fita neman harawa, dalilin yin ciniki, dalilin yi wa yara faɗa in sun bar ta da ƙishirwa. Manomi ko buhun siminti uku aka cika masa da ƙasa zai shuka kuɓewa da yakuwa da barkono. Mutanen Bama sun yi suna da ɗinkin hula, kuma wannan sana'a ta riƙe gidaje da yawa a Maiduguri bayan an kore su a 2014. Wanda idonsa bai kai zare ba yana iya koyar da zane da haɗa launi. Tsohuwa akwai saƙar faifai, ɓarar gyaɗa, tsinkar zogale, haɗa daddawa, wankan jariri, da lura da mai jego. Wanda ya yi karatun allo a tara masa yaran gida bayan magariba su biya masa.

Sai kuma aikin da ba na hannu ba, wanda a ganina ya fi duka: a riƙa shawara da shi. Za a sa ranar auren 'yarku, ku shiga ɗakinsa ku zauna ƙasa ku ce, "Baba, ga abin da ake ciki, me ka gani?" Ba dole ku bi duk abin da ya ce ba, ai ko a garinsu ba kullum ake bi ba. Amma a ce ya ji labarin auren jikarsa a bakin yara, wannan yankan ƙauna ne. Kuma kada ku hana jikoki tsokanarsa. Yarinyar da za ta shigo ta ce "Mijina, yau ina kuɗin cefane?" ya kore ta da sanda yana dariya, ta yi masa maganin da ba a sayarwa a kemis. Iyayen zamani sukan tsawatar wai rashin kunya ne, alhali wasan jika da kaka tun kaka da kakanni yake.

An ruwaito daga Annabi (SAW) cewa in Alƙiyama za ta tsaya alhali ɗayanku yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa kafin ta tsaya to ya dasa. Wanda aka ce ya yi dashe a ranar tashin duniya, ba za a ce ya tsufa da shuka kuɓewa ba.

Inna kullum labari ɗaya take maimaitawa, na daren da suka gudu. Mu hana ta?

Kada ku hana, kada kuma ku tilasta. In ita ta ɗauko zancen ku saurara, ko da kun haddace shi. "Inna ki manta, ya wuce" ba ya sa ta manta, sai dai ta koma yin zancen ita kaɗai da dare. Wadda kuma ba ta son tayar da shi, a ƙyale ta. Tono mutum ya faɗi abin da ya gani ba tare da ya shirya ba yakan fama ciwon ne kawai.

Dabarar da ta fi amfani ita ce ku ja ta baya, zuwa kafin daren. Rayuwarta shekara saba'in ce, daren nan guda ɗaya ne, amma ya danne sauran. Ku tambaye ta yadda aka kai ta ɗakin miji, abin da aka sa mata a gara, shekarar fari me suka ci, waye ya haƙa rijiyar unguwarsu, su wa suka haifi kakanta. A sa wani jika ya ɗauka a waya ko ya rubuta a littafi, ta kuma san ana ajiyewa. Wannan ba lallashi ba ne. Garin da aka watse, sunayen gidaje da asalin dangi da iyakokin gonaki duk a kan tsofaffi suke, ba a takarda ba, kuma ranar da aka koma za a nema.

In dai labarin yana zuwa da firgita, ta farka tana ihu, ko ƙarar babur ko ta knockout ɗin yara ta sa ta rawar jiki, wannan ya wuce na hira, a kai ta ga ma'aikacin lafiya.

Yawan kuka da baƙin ciki ba rashin tawakkali ba ne?

Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 ta Suratu Yusuf, kuma shi ne dai ya ce haƙuri mai kyau zai yi. Da 'ya'yansa suka dame shi da cewa zai halaka kansa, ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Tsohuwar da aka tafi da ɗanta shekara goma, ba gawa ba labari, halin Yaƙub take ciki. Wa'azin da take buƙata ba na a ce imaninta ya yi rauni ba ne. Ta fi mai wa'azin yawan sallar dare.

Ta yaya za mu bambance baƙin ciki da ciwo?

Baƙin ciki yana zuwa yana tafiya. Mutum ya yi kuka da safe, da yamma jika ya ba shi dariya. Ciwon damuwa kuwa ba ya ɗagawa: mako biyu ko fiye ba abin da ke masa daɗi, abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace ko ya farka tun tsakar dare, ya bar wanka, ya bar abin da bai taɓa bari ba kamar jam'i ko lazimi ko zuwa coci. Tsofaffinmu ba kasafai suke cewa "raina a ɓace yake" ba. Cewa za su yi jiki duk ciwo, kai ya yi nauyi, ƙirji yana zafi, wani abu yana yawo a jiki. A yi ta sayen maganin maleriya da na taifot ba sauƙi. In ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ƙi ci da gangan, ko ya ajiye maganinsa, kada a kwana ana shawara.

Akwai abu biyu da ake rikita su da wannan. Na farko ruɗewa ta farat ɗaya: jiya lafiya lau, yau bai san inda yake ba, yana ganin mutanen da ba su nan. Sau da yawa ciwo ne a jiki, kamar cutar mafitsara ko ta huhu, ko sukari ya hau ko ya faɗi, ko ƙishirwa, domin tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, ga zafin bazara na Maiduguri ko Sakkwato da ke haura digiri 40. Wannan na gaggawa ne kuma yakan warke. Na biyu gigin tsufa, wanda ke shigowa a hankali cikin watanni da shekaru, sauyin wuri kuma yakan fito da shi fili, domin a garinsu ƙafar tsohuwa ta san hanya ko da kai ya manta. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare a unguwar da ba a san ta ba tana sambatu, mara lafiya ce. An sha jifan irinta da sunan maita. Ku sanar da maƙwabta halin da take ciki tun wuri, ku sa mata takarda mai lambar waya a jikin zane.

A fara da asibitin da ke kusa, a auna hawan jini da sukari, a duba ido da kunne. Wani tsohon da ake cewa ya daina shiga mutane, yanar ido ce ko kurumta ta raba shi da su, kuma aikin yanar ido ba ya ɗaukar awa guda. In abin na ƙwaƙwalwa ne, akwai asibitocin tarayya a Maiduguri da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Mu sayo masa maganin barci?

A'a, sai likita ya rubuta. Irin waɗannan ƙwayoyi suna sa tsoho jiri da ruɗewa, ya tashi fitsari da dare ya faɗi, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan zama ajali. Ku rage masa shayi da goro da yamma, ya sha hantsi, ya ɗan taka da la'asar.

Kuɗin tallafi ko abin da 'ya'ya suka aiko, wa ya kamata ya riƙe?

Shi, muddin hankalinsa yana nan. Ko ku ne kuke zuwa karɓowa saboda layi ya fi ƙarfinsa, ko na'ura ta ƙi karanta yatsan da fartanya ta cinye wa zane, ku kawo ku damƙa masa, shi ya ce a sayi kaza. Na san za a ce ai rabarwa zai yi. To ya rabar mana. Mutumin da ya saba a ce masa "an gode, Allah ya ƙara girma" ya koma shi ne kullum mai godiya, wannan ma wata yunwa ce. Naira ɗari biyun da zai ba jika, ko ya jefa a asusun masallaci ranar Juma'a, ko ya kai gudummawar biki, ita ce shaidarsa cewa har yanzu yana cikin masu bayarwa.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa. Akwai abin da unguwa za ta iya yi?

Akwai misali daga Zimbabuwe. Wani likita mai suna Dixon Chibanda ya ga ƙasarsu ba ta da likitocin da za su isa, sai wajen 2006 ya fara horar da tsofaffin mata a Harare, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zo ya zauna, kaka ta saurare shi, su warware matsalolin ɗaya bayan ɗaya, zama shida. Ciwon ma da harshen Shona suke kiransa, kufungisisa, wato yawan tunani, kamar dai yadda mu ma muke cewa tunani ya yi wa wane yawa. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida waɗanda suka zauna da kakannin sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne waɗanda aka ɗora wa aikin. Mu in an ce tsofaffi a lokacin rikici, layin masu karɓa muke sa su. Can sai aka sa su a kujerar masu bayarwa. Ko ba horo, unguwa tana iya yin abu mai sauƙi: a nemo tsofaffin da suka fito gari ɗaya a haɗa su. Wani yana Bulunkutu, abokinsa yana Muna, duk a Maiduguri, shekara biyar ba su san juna na raye ba, kuɗin Keke Napep ne ya raba su. Liman kuma in ya ji akwai baƙon dattijo, ya matso da shi sahun gaba, ya riƙa ba shi addu'a a wurin ɗaurin aure.

Ni ce nake ɗawainiya da surukata, kuma wallahi na gaji. Laifi ne?

Ba laifi ba ne. Ɗaki biyu, yara shida, ga tsohuwar da abincinki ba ya mata daɗi domin ba irin na garinsu ba ne, ga tsadar da aka shiga tun cire tallafin mai a 2023. Aikin yakan faɗa kan mace ɗaya, 'ya'yan da tsohuwar ta haifa kuma su bugo waya su ce a gaishe ta. Ki gaya wa maigidan a raba: wane zai ɗauki magani, wane zai kai asibiti, wace za ta zo ta kwana biyu ki huta. Ki kuma gwada sakar mata tukunya rana ɗaya a mako ta yi miyar garinsu yadda take so, ke ki zama 'yar aike. Sau da yawa ƙorafin gishiri ba na gishiri ba ne, madafinta take kewa.

Ya nace sai ya koma garinsu, mu kuma muna tsoro. Yaya za mu yi?

Tun da gwamnatin Borno ta rufe sansanonin Maiduguri, na Bakassi a ƙarshen 2021, na Dalori a 2022, wannan gardama ta shiga gidaje da yawa. Wasu sun koma hedikwatar ƙaramar hukumarsu, inda akwai soja amma gona mai nisa ba ta shiguwa. Wasu sun zauna a birni, sai ga madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya sake tashinsu, har aka koma buɗe Bakassi ɗin. Tsohon da ya yi hijira biyu in ya ce shi kam a mai da shi gida, ba rigima yake ba.

Kada ku yi masa ƙaryar "sai bayan salla" kuna ta ɗagawa, yana ganewa, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da ku ba. Ku tambaye shi abin da yake so a can. Wani gonarsa yake tsoron a cinye, wani kabarin matarsa yake son gani, wani so yake a binne shi kusa da iyayensa amma kunya ta hana shi faɗa. Kowanne da maganinsa. In gona ce, a tura ɗa ya je wurin Bulama ko Dagaci a tabbatar da iyaka a gaban shaidu, a ba wani amintacce aro, a kawo wa tsohon ko kwano biyu ne na geron da aka noma a cikinta. In hanya tana biyuwa, a kai shi ya kwana biyu ya dawo. Wasu da idonsu ya ga abin da ya rage na garin su da kansu suke cewa a juya. In ba ta biyuwa, ku gaya masa gaskiya da sunan wurin da aka tare mutane da ranar da abin ya faru, kamar yadda za ku gaya wa kowane babba, ku bar shi ya auna.

In kuma hankalinsa garau ne, ya ji duk wannan ya ce zai tafi, akwai mutanensa a can, to sai a zauna a yi lissafin tafiya: maganin hawan jini na wata uku, waya mai riƙe caji da lambobinku a ciki, wanda zai riƙa ɗebo masa ruwa, da ranar da ɗayanku zai je duba shi.